Faifai Biyu Daga Azbin Da Tambaya Ɗaya Ga Mawaƙanmu

'Yan uwana ɗalibai da malamaina, na san wasunku da sun ga kan wannan sharhi za su ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da waƙar da ba a yi ta da Hausa ba, balle har a kawo ta cikin mujallar Ƙungiyar Hausa. To ina roƙon a yi mini uzuri a bi ni sannu a hankali, domin idan muka kai ƙarshe za a ga ashe maganar gida ce nake yi.

Ni a Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, a nan na tashi, kuma kowa ya san daga unguwarmu zuwa Titin Gidan Zoo, inda situdiyoyin waƙa suke jere, tafiyar ƙafa ce. Saboda haka tun ina ƙarami kunnena ya saba da kiɗan fiyano. A hutun da ya wuce sai wani abokina mai tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwar Tarauni ya sa mini wasu faifai biyu, ya ce in saurara in gaya masa ko kiɗa ne ko faɗa. Faifan na wani makaɗin jita ne ɗan ƙasar Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Na farkon sunansa Funeral for Justice, watau jana'izar adalci, ya fito a watan Mayu na 2024. Na biyun kuwa Tears of Injustice, watau hawayen zalunci, ya fito a watan Fabrairu na 2025. Kamfanin Matador na Amurka, wanda ba ya cikin manyan kamfanonin faifai na duniya, shi ya buga su duka biyun.

Kafin in shiga cikin faifan, ya kamata in yi bayanin wani irin kiɗa da Turawa ke kira pank, domin masu sharhi a ƙasashensu sukan jingina wannan makaɗi da shi. Pank ya ɓullo ne a Amurka da Ingila wajen 1976, a hannun samari waɗanda suka gaji da manyan mawaƙa masu dogon kiɗa da tsadar kaya. Waƙarsu gajeruwa ce, mai sauri, mai kaushi, kuma ba su damu da gwanintar murya ba. Daga baya aka sami wani reshe da ya fi sauri da zafi, shi ake kira hadko. Amma a ganina ba ƙarar ce ta sa ake tunawa da su ba. A watan Janairu na 1977 wata ƙungiya a birnin Mancesta mai suna Buzzcocks ta ranto fam 500 daga dangi da abokai, ta buga ɗan faifanta mai waƙa 4 da kanta, ba tare da jiran wani kamfani ba. A 1980 kuma Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa kamfanin Dischord a birnin Washinton don su riƙa buga faifan matasan garinsu, har ƙungiyar MacKaye ta baya, Fugazi, ta yi suna da tsayar da kuɗin shiga wasanta a kan dala 5. Ashe dai asalin abin shi ne mawaƙi ya mallaki bakinsa, kada ya zama akwai wanda zai ce masa faɗi kaza, bar kaza.

To ina alaƙar Mdou Moctar da wannan? Ta fuska biyu ce. Ta farko, mai kaɗa masa babbar jita mai kaurin murya, kuma wanda ya tsara ɗaukar faifan, Mikey Coltun, a cikin 'yan pank na Washinton ya tashi. Ta biyu kuwa, wadda ta fi muhimmanci, ita ce hanyar da shi kansa Mdou ya biyo. Mutumin jihar Tawa ne, daga baya ya zauna Agadas. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da kiɗan kwamfuta da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya buga shi a lokacin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo a cikin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta a cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Watau da kayan aikinmu ya fara, kuma ta hanyar da abokina na Tarauni yake cin abinci ya yaɗu.

Yanzu sai mu koma ga jigo. Ni ba na jin Buzanci, don haka na ɗauki wayar na tafi wurin wani dattijo Ba'azbine mai gadi a layinmu, na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah a taimaka mini da abin da mutumin nan yake faɗa." Ya karɓa ya kara a kunne, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, wannan ai ba waƙar biki ba ce." Abin da na fahimta daga bayaninsa da kuma fassarar da aka buga tare da faifan shi ne, waƙoƙi 9 na faifan farko kusan duk a kan turke ɗaya suke, watau kukan talakan Sahel. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta tana magana ne kai tsaye da shugabannin Afirka. Akwai wadda ya fuskanci ƙasar Faransa da sunanta, ƙasar da kamfaninta ya shafe shekaru fiye da 50 yana haƙar yuraniyom a Arlit, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu. Sai kuma Imouhar, wadda ta fi kama ni, domin kira ce ga Azbinawa kada su bar harshensu da rubutunsu su mutu a bakin 'ya'yansu. Duk ɗan wannan ƙungiya tamu ya san wannan ciwo, don kuwa shi ya tara mu.

Ta fannin salo, faifan farko ba ya sallama. Da an kunna shi sai ganguna da jita su faɗo wa mutum gaba ɗaya kamar ruwan farkon damina. Mai ganguna, Souleymane Ibrahim, yana da wata al'ada ta ƙara sauri a hankali, irin yadda makaɗin kalangu yake yi wa 'yan rawa idan wuri ya ɗauki zafi, shi kuma Ahmoudou Madassane yana riƙe da kari ɗaya da jita ta biyu ba ya saki. A kan wannan shimfiɗa Mdou yake sukuwa. Imouhar takan fara can ƙasa-ƙasa kamar daga wata tsohuwar rediyo, har mutum ya miƙa hannu zai ƙara murya, sai kawai ta fashe. Takoba kuwa, wadda sunanta ɗan uwan takobinmu ne, ita ce wurin shan iska a cikin faifan.

Amma fa ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. A wurin Bahaushe magana ita ce waƙa, kiɗa rakiya yake yi. Idan Shata ya buɗe baki kalangu sukan rusuna masa. A wannan faifai kuwa sau da yawa jita takan danne murya, har dattijon nan sai da ya sa na mayar masa da wata waƙa sau 3 kafin ya tsinci kalmomin. Na tambayi kaina, idan mai harshen ma yana wahala, to wa aka yi wa faifan? Amsar ba ta da daɗi: an gyara sautin ne don kunnen matasan Amurka da Turai, waɗanda za su yi tsalle su yi gumi ba tare da sun san ana zagin gwamnatocinsu ba. Mawaƙin da ya tsere wa ubangida a gida yana iya samun wani ubangidan a waje, watau kasuwa, ita kuwa ba ta ba da umarni da baki, sai dai ta saya ko ta ƙi saye.

Wannan ne ya sa na fi son faifai na biyu. Labarinsa shi ne, lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, makaɗan suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka rasa hanyar komawa gida. A cikin wannan zulumi suka shiga situdiyo a birnin Niyok suka sake rera waƙoƙin nan da jita marar lantarki. Waƙoƙin su ne dai, amma an cire musu sulke. Murya ta fito fili, amshi ya fito, har ana jin mutum ne mai kewar gida yake magana. Da na kunna wa dattijon wannan, bai nemi a mayar ba ko sau ɗaya, sai ma na ji yana bin amshin a hankali. Idan faifan farko ihu ne a kasuwa, na biyun zaman makoki ne, kuma ni a ganina a zaman makokin aka fi jin zafin maganar. Wanda zai saurara, shawarata ya fara da na biyun, sannan ya koma na farkon.

To yanzu ga tambayar da na ce zan yi wa mawaƙanmu. Duk abin da 'yan pank suka sha wahala kafin su samu, mu yau yana hannunmu a arha. Ɗaki ɗaya da kwamfuta da fiyano sun isa a yi waƙa, waya kuma ta isa a raba ta. Ba kamfanin da ya tsare wa kowa hanya. Amma me muke ji daga situdiyoyin? In ba soyayya ba, sai waƙar amarya da ango, sai kuma ta ɗan takara, wadda a kakar zaɓe takan cika gari. Ban ce waɗannan haramun ba ne, kuma na san mawaƙi ma yana da cefane a kansa. Wani abokina da ke aikin haɗa kiɗa ya taɓa ce mini, "Malam, waƙar talaka wa zai biya kuɗinta?" Gaskiyarsa. Amma sakamakon shi ne muna da 'yancin kayan aiki, ba mu da 'yancin baki.

Kada kuma a ce ba a taɓa gwadawa ba. A watan Yuni na 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a nan Kano ta haramta saurare da yaɗa waƙoƙi 11, cikinsu har da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, wanda ake kira Ziriums, da Oyoyo ta Adam A. Zango, da Hasbunallahu ta Aminu Ala da abokansa. Ko mutum ya yarda da abin da waɗannan waƙoƙi suka ƙunsa ko bai yarda ba, dole ya yarda cewa a wancan lokaci an sami mawaƙan da suka faɗi abin da ba a biya su su faɗa ba, kuma ta wayoyin hannu jama'a suka yi ta ba juna su. Wannan shi ne pank ɗinmu, ko da ba mu kira shi da sunan ba.

In ma an koma baya, ba sai mun yi aro daga Mancesta ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa, shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da wasu ke bin fada da gidajen attajirai. Waƙarsa gajeruwa ce, kayan kiɗansa ba su kai kuɗin takalmi ba, kuma kowace kalma tana fita sarai. Wanda ya haɗa jita da wayar birki da wanda ya yi kuntigi da gwangwani, ai uwa ɗaya ta haife su.

A taƙaice, waɗannan faifai biyu sun cancanci saurare, na farkon don ƙarfinsa duk da aibin da na ambata, na biyun don gaskiyarsa. Amma babban amfaninsu gare mu shi ne su zama madubi. Mutumin da ya zo Sakkwato ya ari salon kiɗanmu ya tafi da shi har ya tsaya gaban duniya yana faɗar abin da ke damun mutanensa da harshensu. Mu da muka ba shi aron, me muka faɗa da namu? Ina fata wani daga cikin 'yan uwa, musamman masu rubuta waƙa a wannan ƙungiya, zai ba ni amsa a fitowa ta gaba, in ya so ya ƙaryata ni, zan yi murna. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.