Wa Ya Biya Kuɗin Jirgi? Littattafan 'Yan Jarida a Kan Kyuba

A shekarar 1976 wani ɗan jaridar ƙasar Barazil, Fernando Morais, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna A Ilha, wato Tsibirin, a kan abin da ya gano a Kyuba. A lokacin sojoji ke mulkin Barazil tun 1964, sun yanke hulɗa da gwamnatin Fidel Castro, har fasfon ƙasar ma an rubuta a jikinsa cewa ba a shiga Kyuba da shi. Saboda haka mutanen Barazil sun yi shekaru suna jin labarin tsibirin daga bakin maƙiyansa kaɗai. Da littafin ya fito sai aka yi masa rubdugu, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Ya ba su labarin asibitin da ba a biya, da makarantar da ɗan manomi ke shiga kyauta, da katin rabon abinci da kowane gida ke riƙe da shi.

Ina ganin girman Morais, domin rubuta irin wannan a ƙarƙashin mulkin soja ba aikin matsoraci ba ne. Kuma abin da ya yaba ba ƙage ba ne. A 1961 Kyuba ta tura dubban matasa ƙauyuka su koyar da karatu da rubutu, cikin shekara guda jahilci ya sauko daga kusan kashi 23 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Wanda ya san yadda yaƙi da jahilci ke tafiyar hawainiya a wasu wurare ba zai raina wannan ba. Ƙorafina yana kan salon da littafin ya fito daga cikinsa, salon da har yau bai mutu ba: ɗan jarida ya sauka a Habana, babban birnin Kyuba, ya yi 'yan makonni, ya koma gida ya yanke wa ƙasa guda hukunci.

Salon ya girmi Morais. Tun a watan Fabrairun 1957 Herbert Matthews na jaridar New York Times ya hau duwatsun Sierra Maestra ya gana da Castro, ya dawo ya zana wa duniya hoton rundunar da ta fi ainihin girmanta. A 1960 Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir suka je daga Faransa, Castro da kansa ya zaga da su, Sartre ya koma ya cika shafukan jaridar France-Soir da abin da ya gani. A wannan shekarar ce kuma Kyuba ta kafa hukumar ƙawance da al'ummun duniya, wadda aikinta shi ne tarbar irin waɗannan baƙi. A ba ka masauki, a ba ka mota da direba, a ba ka tafinta. A kai ka makarantar da ta fi kyau da asibitin da ya fi tsafta. Babu wanda ya yi maka ƙarya kai tsaye, amma wani ne ya zaɓar maka abin da za ka gani.

A nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Ka ɗauka ke ce matar da ke tsaye a layin karɓar shinkafa da wake, da katinki a hannu, katin da aka fara rabawa tun 1962. Sai ga baƙo da littafin rubutu, ga tafintan gwamnati a gefensa, a kan layin gidanku kuma akwai kwamitin kare juyin juya hali, irin waɗanda aka kafa a kowace unguwa tun 1960, wanda ya san mai shiga gidanki da mai fita. Baƙon ya tambaye ki yaya rayuwa. Me za ki ce? Za ki ce lafiya lau, kuma wataƙila rabin maganar gaskiya ce. Baƙo ya rubuta, ya tafi, ke kina nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane baƙo ake nuna wa wurin ba, balle wanda ya zo tare da mai gidan haya.

Waɗanda suka ɗan daɗe sun ga abin da mai wucewa bai gani ba. Jorge Edwards, marubucin Chile da shugaban ƙasarsa Salvador Allende ya aika Habana a ƙarshen 1970 don sake buɗe ofishin jakadanci, ya zo ne a matsayin masoyi. Ya zauna da marubutan ƙasar, ya ga tsoron da suke ciki, kuma a watan Maris na 1971 aka kama abokinsa mawaƙi Heberto Padilla, aka sa shi ya tsaya gaban jama'a ya zargi kansa. Edwards ya rubuta wannan a 1973, abokansa da yawa suka juya masa baya. Shekara biyar kacal ke tsakanin kamun Padilla da fitowar littafin Morais. Tsibiri ɗaya ne, idanu ne suka bambanta, da kuma teburin da kowa ya ci abinci a kai.

Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, iska ta juya. Kyuba ta rasa mai sayen sukarinta da mai ba ta man fetur, tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku, mutane suka koma hawan keke da kwana cikin duhu. Daga nan sai wani sabon yayi ya kama marubutan tafiye-tafiye. Maimakon asibiti da makaranta, yanzu abin nema shi ne tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1950, da benayen da fentinsu ya ɓare, da tsoho mai taba sigari a bakin ƙofa. Faifan waƙoƙin Buena Vista Social Club na 1997 da fim ɗinsa na 1999 sun ƙara wa wannan hoto kasuwa, yau kuma masu ɗaukar bidiyo a YouTube sun gaje shi. Wannan yayin ya fi na farko ɓata mini rai. Benen da mai hoto ke sha'awar tsufansa gida ne na iyalai, kuma a Habana irin waɗannan benaye suna ruftawa a kan mutane. Tsohuwar motar nan ba don ado ake lallaɓa ta ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba tun 1962 da kuma dokokin gwamnatin ƙasar kan mallakar mota su suka hana mai ita samun wata. Wanda ya mai da talaucin mutane abin kallo bai fi wanda ya ɓoye shi ba.

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin kauce wa ramukan biyu. Ɗan jarida Patrick Symmes ya yi kwana talatin a Habana yana rayuwa da kimanin dala 15, kusan albashin ma'aikaci na wata a can a lokacin, ya rubuta labarin a mujallar Harper's a 2010. Ya yi tafiyar ƙasa, ya ji yunwa, ya rame. Na yaba masa, sai dai yunwar mai tikitin komawa gida a aljihu daban take da ta wanda ba shi da ranar fita. Wadda ta fi gamsar da ni ita ce Alma Guillermoprieto 'yar Meziko. Ta je a 1970 tana budurwa, ta yi wata shida tana koyar da rawa a makarantar fasaha ta ƙasa, a shekarar da aka tattara kowa da kowa don a noma tan miliyan 10 na sukari amma aka tsaya a wajen miliyan 8 da rabi. Ba ta fitar da littafinta ba sai bayan shekara talatin da 'yan kai, kuma ba ta ɓoye ruɗaninta ba, ta nuna abin da ya burge ta da abin da ya karya mata zuciya. Haka Anthony DePalma, wanda a littafinsa na 2020 ya bar fadar gwamnati ya mai da hankali kan Guanabacoa, wani gari a gefen Habana, ya yi ta komawa wurin mutane ƙalilan har suka saki jiki da shi. Abin da ya haɗa su biyun shi ne sun ji Sifaniyanci, sun daɗe, kuma sun bar mutanen gari su yi magana da bakinsu.

Me ya shafe mu? Mu ma muna da wannan gadon. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma bisa gayyata, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma mai karatunsa ya san ko baƙon wa ne shi. Yau ma ana ɗibar 'yan jaridarmu a kai su ƙasashe daban-daban a kuɗin mai gayyata, su kwana bakwai a otal, su dawo da yabo. Ban ce kada su je ba. Na ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma haƙƙin mai karatu ne a gaya masa daga ina aka yi hangen.

Kyuba kuwa tana da wuri na musamman a zuciyar ɗan Afirka. Sojojinta sun yi yaƙi a Angola daga 1975 har suka janye a 1991, kuma Nelson Mandela ya je Kyuba a wannan shekarar ya yi musu godiya. Likitocinta sun shiga Saliyo da Laberiya da Gini lokacin annobar Ebola a 2014, sa'ad da wasu ke gudu. Ni ma ina jin wannan bashin a wuyana. Amma shi ne ma dalilin da ya sa ba na son a yi mini kwaskwarima. Ranar 11 ga Yulin 2021 dubban 'yan Kyuba sun fito titi saboda yunwa da rashin wuta da magani, aka ɗaure ɗaruruwa. A Oktoban 2024 wutar lantarkin ƙasar gaba ɗaya ta ɗauke na kwanaki. Dubban ɗaruruwa sun bar tsibirin cikin 'yan shekarun nan. Littafin da ya ambaci takunkumi ya tsallake fursunoni ya ci amanar mutanen Kyuba, haka ma wanda ya ambaci fursunoni ya tsallake takunkumi.

Roƙona ga duk ɗan jaridar da zai rubuta mana littafin tafiya, ko Kyuba ya je ko wata ƙasa, shi ne ya faɗa mana a shafin farko wa ya biya masa kuɗin jirgi, kwana nawa ya yi, a ina ya kwana, da wane harshe ya yi magana da mutane, kuma wa ke tsaye a gefensa lokacin da suke ba shi amsa.