Bincike da Sharuɗɗansa: Tsokaci a kan Shirin KaLMA a Makarantun Firamare na Wudil

Gabatarwa

Kusan duk wani shirin ilmi da ya shigo ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan yakan zo ne da shaidar cewa bincike ya tabbatar da amfaninsa. Kalmar nan ta bincike ta zama kamar hatimin alƙali, da zarar an buga ta a takarda sai kowa ya yi shiru. Nufinmu a wannan takarda shi ne mu ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, wanda aka gwada a Ƙaramar Hukumar Wudil, mu duba abin da binciken da aka jingina shi da shi ya tabbatar, da kuma abin da bai tabbatar ba. A ganinmu shirin yana cikin mafi ƙwari da aka kawo Jihar Kano, shi ya sa ma ya cancanci a tsaya a kansa.

Shirin da muke magana shi ne KaLMA, watau shirin hanzarta koyon karatu da lissafi na Kano. An ƙaddamar da shi a 2019 da haɗin gwiwar Ma'aikatar Ilmi ta Jiha, da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya, da Kwalejin Ilmi ta Sa'adatu Rimi, da British Council, da ƙungiyar TaRL Africa, da kuɗin Gwamnatin Birtaniya. An zaɓi Wudil da Dawakin Tofa don gwaji, aka nufi yara sama da 37,000 na aji huɗu zuwa aji shida. Tsarinsa ba shi da wuyar faɗi. Malami zai zauna da kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci ya auna shi: bai san harafi ba, ko ya san haruffa, ko yana karanta kalma, ko sakin layi, ko gajeren labari. Sa'an nan a rarraba yaran bisa abin da suka iya, ba a kula da ajinsu ko shekarunsu ba, a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. Wanda ya ci gaba a ɗaga shi zuwa rukuni na gaba. An haɗa da koyar da Ingilishi ta hanyar dogara da Hausar da yaro ya zo da ita, an kuma shigar da ɗalibai masu koyon malanta cikin aikin.

Abin da aka gano a Indiya

Wannan dabara ta samo asali ne daga ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya, kuma masana na cibiyar J-PAL, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, sun shafe shekaru suna auna ta. Yadda suke yi shi ne a raba makarantu ta hanyar ƙuri'a, waɗansu a kai musu shirin, waɗansu a bar su yadda suke, daga baya a gwada yaran duka. Masu tallar shirin sukan taƙaita sakamakon da cewa dabarar tana aiki. To, amma wanda ya karanta rahotannin da kansa zai ga labarin ya fi haka tsawo, kuma a tsawon nasa darasinmu yake.

Tsakanin 2008 da 2010 an gwada dabarar a jihohin Bihar da Uttarakhand. A Bihar, da aka tara yara lokacin dogon hutu aka sa malaman gwamnati su koyar da su ta wannan hanya, yaran sun ƙaru. Da aka koma makaranta aka ba malamai horo da kayan aiki, aka ce su shigar da dabarar cikin darussansu na yau da kullum, ba a ga wani canji na kirki ba. Dalili kuwa a fili yake: malami ya san manhaja za a tambaye shi, ita mai duba makarantu zai bincika, sai ya ajiye sabuwar dabara ya koma ga littafin aji. A Uttarakhand ma masu aikin sa-kai da aka tura makarantu sai aka mai da su mataimakan malamai, suka shiga koyar da manhajar da aka saba.

Sai a Haryana, a shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, aka ga amfanin dabarar a hannun malaman gwamnati cikin lokacin makaranta. Abin da ya bambanta Haryana abu biyu ne. Gwamnati ta ware sa'a guda a jadawalin kowace rana wadda ba ta kowane darasi ba ce sai ta wannan aiki. Kuma jami'an da za su riƙa zagaya malamai an sa su sun shiga aji da kansu sun yi makonni suna koyarwa da dabarar kafin su horar da kowa. Ashe ke nan abin da aka tabbatar shi ne dabara tare da sharuɗɗanta: lokaci keɓaɓɓe, da mai sa ido wanda ya taɓa riƙe alli a kan wannan aiki. Inda aka cire sharuɗɗan aka bar dabarar, binciken nan da kansa ya nuna ba a tsinana kome ba.

Wudil

Da wannan ma'auni ya kamata a auna KaLMA. Dole mu fara da yi wa shirin adalci. Bai daɗe da kankama a azuzuwa ba annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, aka koma koyarwa ta rediyo da saƙonnin waya da takardun aiki da ake kai wa yara gida, sai a 2021 shirin ya dawo aji. Dabarar da ginshiƙinta shi ne malami ya saurari yaro yana karatu ba ta yiwuwa sosai ta akwatin rediyo. Saboda haka duk hukuncin da za a yanke wa gwajin Wudil, na yabo ko na suka, sai a tuna gwaji ne da aka katse.

Duk da haka akwai tambayar da ba korona ce ta hana amsa ta ba. Idan an nuna mana alƙaluman da ke cewa yara sun ƙaru tsakanin gwajin farko da na ƙarshe, muna murna, amma mu malaman koyar da hanyoyin bincike mun san iyakar irin wannan shaida. Yaro yakan ƙaru cikin wata shida ko da shiri ko babu. Malamin da ya koyar, idan shi ne kuma ya auna, yana da sha'awar ganin sunaye sun haura. Kuma alƙaluman da aka tara lokacin da motocin shiri ke shiga ƙauyuka ba su gaya mana abin da ke faruwa bayan motocin sun daina zuwa. Tambayar da Bihar ta koya mana ita ce: shin sa'ar nan ta tsira a jadawali bayan kuɗin waje sun ƙare? Wannan tambaya ce da ake amsawa da zuwa makaranta ba tare da sanarwa ba, kuma mu da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa mun fi kowa damar amsa ta.

A irin wannan zagaye muka taɓa shiga wata makaranta a ƙauyen da ke hayin kogi, ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci. Kusan rabin manyan yara maza sun tafi kara wajen shanu ko dako. Malamin da muka tarar ya sami horo a kan rarraba yara, ya kuma yi mana bayaninsa daidai. Da muka tambaye shi rukunonin, sai ya ce ai su biyu ne a makarantar ranar, idan ya raba yara gida huɗu wa zai tsaya wa sauran? Ba mu da amsar da za mu ba shi.

Akwai kuma wani abu da ya ba mu mamaki a yadda ake gabatar da dabarar kamar baƙuwa. Yaron Wudil da ke zuwa makarantar allo ya san tsarin da ba a kula da shekaru. Yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, malam ba ya yi masa ƙari sai ya biya na allonsa, kuma babba da ƙarami sukan zauna wuri ɗaya idan karatunsu ɗaya. Ba muna cewa makarantar allo tana koyar da fahimtar rubutacciyar Hausa ba. Muna cewa ne yaron da takardar gwaji ta rubuta a matsayin wanda bai san harafi ba, mai yiwuwa ya riga ya gane cewa baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da gaɓa, ya gane haka ne da haruffan Larabci. Ma'aunin da ya tsaya ga boko kaɗai ba zai ga wannan ba. Tsofaffin malamai da suka fito daga kwalejojin horon malamai irin ta Wudil, waɗanda suka koyar da Ka Koyi Karatu gaɓa-gaɓa, sun san amfani da wannan gada ko da ba su rubuta ta a mujalla ba.

Yadda ake zaɓen shaida

KaLMA ta fara karatu da Hausa, kuma a nan ma bincike take bi. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci shekara shida, Ingilishi kuwa a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, sun kuma yi kyau a sauran fannoni. Amma a nan ma akwai sharaɗin da ake mantawa: an rubuta littattafai musamman don gwajin, kuma a ajin gwaji na farko ƙwararren malami aka ware don Ingilishi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ɗauki harshen uwa a azuzuwan farko ba tare da waɗannan tanade-tanade ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da a kai shi shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa Ingilishi, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen uwa.

Shi ma da sunan shaida ya yi magana. Sai dai yaron da ya shiga aji ɗaya bayan manufar 2022 bai ko gama firamare ba lokacin da aka soke ta, balle ya zauna WAEC. In kuwa tsohuwar al'adar koyarwa ake nufi, to yankunan nan su ne kuma masu cunkoson aji da ƙarancin malamai da talauci, kuma alƙaluman jarrabawa ba su iya ware ɗaya daga cikin waɗannan su ce shi ne mai laifi. Bugu da ƙari, duk wanda ya zauna a ajin firamare na karkarar Kano ya san abin da ke gudana: littafi da Ingilishi, rubutun allo da Ingilishi, jarrabawa da Ingilishi, bayanin baki kawai ke zuwa da Hausa. Ba za a kira wannan koyarwa da harshen uwa ba, balle a ɗora masa faɗuwa.

Mu ma a kwalejojin ilmi akwai namu kason. Ɗalibi yakan yi shekara uku ya karɓi takardar NCE ya san sunayen masana halayyar yara na Turai, amma bai taɓa zama da yaro ɗaya ya saurari inda yake tuntuɓe a ɗ da ƙ ba. Aikin binciken da muke sa shi ya rubuta a shekarar ƙarshe yawanci takardar tambayoyi ce ta jin ra'ayin malamai, wadda ba ta auna karatun kowa. Alhali kowace shekara muna tura ɗaruruwan ɗalibai makarantu na tsawon zango guda. Da kowannensu zai auna yara goma a makon farko da makon ƙarshe, da boko da ajami, ya rubuta malamai nawa ya tarar kowace rana, da ko ana rarraba yara ko an daina, da cikin shekara uku Wudil ta sami bayanin da za ta ajiye a gaban Hukumar Ilmin Bai-ɗaya da hannunta. Takardar gwajin shafi ɗaya ce, kuma auna yaro guda bai wuce minti goma ba.