Tyler Perry: Aljihu ya cika, alƙalami fa?

Mai karatu, idan da kai aka yi ta musu kan fim ɗin Acrimony na 2018, wai tsakanin Melinda da mijin ta Robert wa ya cuci wani, to ka san aikin Tyler Perry. Shi ya rubuta labarin, shi ne darakta, kuma kamfanin sa ne ya shirya.

An haifi wannan baƙar fata ɗan Amurka a birnin New Orleans cikin 1969. Da wasan dandamali ya fara. A 1992 ya zuba 'yan kuɗin da ya tara, dala 12,000, ya nuna wasan sa na farko a Atlanta, amma 'yan kallo su ka ƙi zuwa. Sai a 1998 wasan ya karɓu. Daga nan ya ƙirƙiro Madea, wata tsohuwa mafaɗaciya mai yawo da bindiga a jaka, wadda shi da kan sa ke fitowa a matsayin ta. Fim ɗin sa na farko, Diary of a Mad Black Woman na 2005, ya ci kimanin dala miliyan 5.5, ya dawo da miliyan 50.

Inda ya burge ni shi ne bai yarda ya sayar da haƙƙin mallakar ayyukan sa ba. Shi ya sa a 2019 ya iya buɗe katafaren sutudiyo mai eka 330 a wani tsohon barikin soja a Atlanta. Furodusoshin mu da su ka sha wuya a hannun 'yan kasuwa sun san darajar wannan.

To amma fa in za ka faɗi, faɗi gaskiya: rubutun sa bai kamo arzikin sa ba. A 2020 ya bugi ƙirji ya ce shi kaɗai ke rubuta shirye-shiryen sa, kuma a kwana biyar ya ɗauki A Fall from Grace. Aikin ya nuna hakan. Kusan kullum zance ɗaya ne: mace ta wahala, mugun miji, sai wa'azi a ƙarshe. Koma ka dubi ƙarshen Acrimony. Ta ina Melinda ta shiga jirgin ruwan nan da ke tsakiyar teku? Fim ɗin bai nuna mana ba. Da akwai marubuci na biyu a gefen sa, da ya yi masa wannan tambayar tun a takarda.

Saboda haka ka yi koyi da shi wajen riƙe abin ka, amma kada ka kwaikwayi gaggawar sa. Ka ba wani labarin ka ya duba kafin ka kira mai kyamara. Sauri dai shi ya haifi nawa.