Tsufa da Gado a Finafinan Yakuza na Japan

1.0 Gabatarwa

Yakuza su ne ƙungiyoyin miyagu na ƙasar Japan, waɗanda aka gina tsarinsu bisa dangantakar uba da ɗa: ubangida ya ba da kariya, yaro ya biya da biyayya ko da ransa. Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da ke samun tauraron waɗannan finafinai idan furfura ta cim masa.

2.0 Warwarar Jigo

A finafinan shekarun 1960, irin waɗanda Takakura Ken ya yi suna a cikinsu, tauraro ba ya tsoron mutuwa, domin ita ce cikar alkawarinsa. Fukasaku Kinji ya rushe wannan ra'ayi a 1973 da Jingi Naki Tatakai, inda ya nuna iyayengida masu sayar da yaransu don kuɗi.

Daga nan tambaya ta zama: wa zai gaji wanda ya tsira? A Sonatine (1993) na Kitano Takeshi, Murakawa ya gaji da sana'ar. Ubangidansa ya tura shi Okinawa da nufin a halaka shi. Bayan ya ɗauki fansa, sai ya harbe kansa cikin mota, alhali akwai mace tana jiransa. Ba jarunta ce ta kashe shi ba, gajiya ce.

Subarashiki Sekai (2020) na Nishikawa Miwa ya fi zurfi. Mikami ya fito kurkuku bayan shekara 13, da hawan jini, ya tarar dokar 1992 da waɗanda suka biyo baya sun karya ƙungiyoyin. Ya sami aiki a gidan kula da tsofaffi, inda ya ji ana yi wa wani naƙasasshen abokin aiki ba'a, ya haɗiye fushinsa ya yi shiru. Daren nan ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa, riƙe da furannin da wannan bawan Allah ya ba shi.

3.0 Kammalawa

A ganinmu, ƙarfin fim ɗin Nishikawa shi ne bai wanke yakuza ba, bai kuma wanke jama'a ba. Tashin hankalin Mikami ne ya kai shi kurkuku, amma kafin mutanen kirki su karɓe shi, sai da ya koyi kau da kai daga zalunci. Wannan tuhuma mai kallo ta shafa, ba mamacin ba.