Kaka Bayan Annoba: Zakkar Hatsi da Al'adun Girbi a Ƙasar Hausa

Kaka a ƙasar Hausa lokacin lissafi ne. Daga yankan gero a wajajen Satumba har zuwa girbin dawa da roron wake a ƙarshen shekara, kowane gandu yakan san abin da damina ta bar masa: dami nawa ya shiga rumbu, bashin wa za a biya, wace yarinya za a aurar, wane ne aka yi shuka da shi amma bai ga girbi ba. Al'adun da suka taru a wannan lokaci sun rabu gida biyu. Akwai na shagali, irin su kalankuwa da dambe da kokawa, da shan kabewa na Maguzawa da 'yan bori. Akwai kuma na bayarwa, wato zakka da sadaka da kala. Masu rubutu kan al'ada sun fi karkata ga na farko saboda kiɗa da taro, alhali na biyun ne ke riƙe ƙauye idan shekara ta yi tsanani.

Zakkar hatsi ta bambanta da ta kuɗi ko ta dabbobi, domin ba ta jiran shekara ta zagayo. Alƙur'ani, a Suratul An'am, ya ɗaure haƙƙin amfanin gona da ranar girbi. Nisabinta wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300, kowane sa'i kuwa mudun Annabi 4 ne. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar mata da ushiri, ɗaya bisa goma, wadda kuma aka sha wahalar ban ruwa a kanta ana fitar da rabin haka. Manomi ya sauƙaƙa wa kansa lissafin: dami goma, ɗaya ba nasa ba ne. Ana ware shi tun a gona, a idon 'yan ƙwadago da maƙwabta, shi ya sa ɓoye ta ke da wuya, kunya ma tana taya tsoron Allah aiki. Kala kuwa ba ta da ma'auni. Izini ne da al'ada ta ba tsofaffin mata da yara su bi gona bayan an kwashe amfani, su tsinci zangarniya ko gyaɗar da ta rage a ƙasa, mai gona kuma ba ya korar su.

Annobar korona ta 2020 ta taɓa waɗannan al'adu ta wata hanya ta daban. An tabbatar da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Nijar a watan Maris, a Kano kuma cikin Afrilu. Kullen da ya biyo baya ya faɗo cikin azumi, daidai lokacin sharar gona. An rufe masallatan Juma'a a wurare da dama, ba a yi hawan sallah a Kano ba, ba a tafi aikin Hajji daga waje ba, gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu, hana zirga-zirga tsakanin jihohi ya tsare 'yan ci-rani da fatake. Abin da ya fi ciwo shi ne ta'aziyya. A makonnin da dattawan Kano suka yi ta rasuwa, mutane da yawa ba su samu zuwa jana'iza ko zaman makoki ba, a al'ummar da rashin zuwa gaisuwar mutuwa kan raba zumunci.

Da kaka ta zo an sassauta doka, don haka ita ce babbar dama ta farko da jama'ar karkara suka samu ta haɗuwa da hatsi a hannu. Amma kakar ba ta zo da sauƙi ba. Ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ta yi ɓarna a Jigawa, kogin Kwara ya shiga unguwannin Yamai. A Oktoba jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa. Ranar 28 ga Nuwamba aka kashe manoma masu yankan shinkafa a Zabarmari ta jihar Borno. Wanda ya ce annobar ta sauya zukatan mutane baki ɗaya ya yi azarɓaɓi, domin ga manomin Zamfara ko Katsina ɗan bindigar da ke karɓar kuɗi kafin a bari a yi girbi ya fi cutar kusa.

Duk da haka shekarar ta bayyana wani abu. Tallafin da aka tara a rumbun hukuma ya daɗe a kulle, damin zakka kuwa daga gona yake zuwa ƙofar wanda aka san halinsa, ba takarda, ba layi. Sabunta imani a irin wannan al'ada abu ne da ake aunawa da kwano: alƙunutu da istigfarin da aka yi lokacin kulle sai a kaka ake ganin ko sun kai ga hannu.

Al'adar tana da nata raunin. Ƙaramin manomi sau da yawa ba ya kai nisabi, wanda ya ci bashin taki kuwa yakan sayar da amfaninsa da arha tun kafin ya bushe, hatsin ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau, ya dawo masa da tsada a bazara. Wasu masu hali sukan ba 'yan ƙwadagonsu zakka a madadin lada, abin da malamai suka hana. Domin toshe irin wannan gurbi ne aka kafa hukumomin zakka a Zamfara da Kano da Sakkwato, masarautar Dutse kuma ke tattara hatsi ta hannun hakimai da dagatai ta raba a gundumomin da aka karɓo shi. Tsarin ya faɗaɗa rabon, sai dai yana tafiya ne gwargwadon amanar da manoma suka ba masu karɓa.