Wasiƙun Waziri a hannun Bature: sake karanta littafin Backwell daga ƙasar Mafara

A ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan arangamar da aka yi a filin Giginya. Cikin abin da ya faɗa hannunsu har da tarin wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Waziri Muhammadu Buhari. Shekara 24 bayan haka, a 1927, wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. F. Backwell ya fitar da fassararsu cikin Turanci a Legas, da sunan The Occupation of Hausaland 1900-1904. An sake buga littafin a Landan a 1969, kuma har yau duk mai binciken faɗuwar Daular Usmaniyya sai ya bi ta kansa. Littafi ne mai daraja, amma akwatin ganima ne: wasiƙun na kakanninmu ne, jerawar da sunan da harshen kuwa na wanda ya ci su da yaƙi ne. Wanda ya manta da wannan zai ɗauka yana jin muryar Sakkwato, alhali tafinta yake saurare.

Mu fara da abin yabo, domin yana da yawa. Labarin da aka saba ji a makaranta yana nuna kamar Turawa sun faɗo ne bagatatan, sarakuna suna barci. Wasiƙun sun ƙaryata wannan. A cikinsu ana ganin labari yana tafiya daga gari zuwa gari, ana bibiyar motsin Turawan Ingila daga kudu da na Faransa daga arewa. Akwai wasiƙar Lamiɗo Zubairu bayan an ci Yola a watan Satumba na 1901, mutumin da aka raba da gidansa amma ya ƙi miƙa wuya. Akwai ta Sarkin Kano Alu, inda yake ba da shawarar a bar ƙasar baki ɗaya a yi hijira. Wanda ya karanta waɗannan zai gane cewa hanyoyi uku da aka bi a 1903, wato yaƙi da hijira da zama ƙarƙashin Bature, an daɗe ana auna su. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi yaƙi, ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Shi kuwa Waziri Buhari ya koma Sakkwato, daga baya ya rubuta risala yana kare matsayinsa a gaban malamai. Ba don an adana takardun ba, da mun rasa yadda mutanen nan suka yi tunani a lokacin da ba su san yadda abin zai ƙare ba.

Matsalar tana farawa tun daga bangon littafi. An ce a 1903 aka samu wasiƙun, to me ya kawo 1904 cikin suna? Shekarar 1900 kuma, ita ce wadda Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu. Ashe shekarun na aikin Bature ne, daga ranar da ya fara zuwa ranar da ya ga ya gama. Haka nan kalmar ƙasar Hausa: Yola ba ƙasar Hausa ba ce, abin da ya haɗa ta da Sakkwato shi ne mubaya'a ga Sarkin Musulmi. An cire sunan daula an sa sunan ƙabila, aka mai da rikicin hukuma da hukuma ya koma labarin shiga wani yanki.

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma abu na farko da ake koya mana game da rumbun bayanai shi ne, wanda ya tsara gurabe shi ya yanke abin da za a iya tambaya. Idan babu gurbin abu, ko ya faru ba zai fito a lissafi ba. Da wannan ido za a ga giɓi uku a littafin. Na ɗaya, wasiƙun daular galibi ba sa ɗauke da kwanan wata, don haka wace ta riga wace hukuncin mai tsarawa ne, kuma jeri shi ke haifar da dalili a zuciyar mai karatu. Na biyu, abin da aka samu a gidan Waziri yawanci saƙonnin da suka shigo ne. Kamar ka ɗauki wayar mutum ka karanta abin da aka turo masa ba tare da amsoshinsa ba, sai ka ga kamar shi bai ce komai ba. Na uku, Turancin Backwell muke karantawa. Kalmomi irin su amana da hijira da nasara suna da nauyin fiƙihu, kuma ba kowace fassara ke iya ɗaukarsa ba.

Kada a ɗauka wannan tsirfar masu bincike ce. Wasiƙar da ta fi kowace shahara a wannan zamani ita ce wadda Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, wadda ya kafa hujja da ita cewa Sakkwato ce ta zaɓi yaƙi. D. J. M. Muffett, a littafinsa Concerning Brave Captains na 1964, ya nuna shakku a kanta domin ba a ga asalinta na Larabci ba. Fassara guda da babu asalinta ta shiga cikin dalilan cin daula. Bayan wannan, duk wanda ya miƙo mana fassara, haƙƙinmu ne mu ce a nuna mana takardar.

Sai kuma abin da ya fi damuna, a matsayin mai karatu daga wannan yanki. Tsakanin faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu da faɗuwar Sakkwato, yaƙin a ƙasar Zamfara ya yi zango. A Kwatarkwashi aka kashe Wazirin Kano Ahmadu a ƙarshen Fabrairu. Daga Ƙauran Namoda rundunar Turawa ta ratsa yamma ta nufi Shagari, wato ta keta ƙasar da Maradun da Bakura da Talata Mafara suke. Bayan makonni kaɗan ayarin Attahiru ya bi ta Zamfara ya nufi gabas, jama'a suna barin gonaki suna bin sa. Runduna ba ta tafiya da iska: akwai wanda ya ba da hatsi, akwai wanda aka ɗora wa kaya, akwai matar da ta kwana a daji da 'ya'yanta. Wasiƙar sarki zuwa ga waziri ba ta da gurbin waɗannan, rahoton hafsan Bature kuma rijiya da zango da nisan tafiya yake ƙirgawa.

Garuruwan nan uku ba su kalli 1903 da ido ɗaya ba. Gidan sarautar Maradun daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Bakura ta Sarkin Burmi ce, kuma wannan suna kaɗai ya isa ya rikita mai binciken da bai san ƙasa ba, ya haɗa ta da Burmin da Attahiru ya faɗi, can ƙasar Gombe. Mafara kuwa tsohuwar sarautar Zamfarawa ce, kuma a 1891 ta yi tawaye, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya murƙushe ta. Dattijon Mafara da ya ga wucewar Turawa yana da tabon da bai wuce shekara 12 ba. Me ya ji a ransa da aka ce Sakkwato ta faɗi? Littafin Backwell ba zai amsa ba, haka ma waƙoƙin yabon da muke rera wa daular. Dole a koma ga irin aikin Kurt Krieger na 1959 a kan tarihin Zamfara, da kundin digirin Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda suka tsaya a Zamfara suka kalli Sakkwato.

A nan maganar 'yantarwa take shigowa. Lugga ya sayar da yaƙinsa a Ingila da sunan ceto talakawa daga zalunci da farautar bayi. Ƙarya ce a ce babu wanda ya samu sauƙi: bayi da yawa sun gudu daga iyayen gijinsu a rikicin, kuma Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta, ta ba da shaidar cewa akwai Hausawan da suka yi maraba da zuwan Turawa. Amma Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna yadda mulkin mallaka ya ja ƙafa, bai haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kowane mai cin gari yana kiran kansa mai ceto. Sai an ji daga bakin wanda aka ce an ceta kafin a san gaskiyar lamarin, kuma shi ne wanda ba a cika ba wa alƙalami ba.

Bayan yaƙi sai gyaran ƙasa, shi ma da nasa takardu. Fayilolin lardin Sakkwato da ke ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna cike suke da rahotannin gunduma: yawan mutane, yawan shanu, haraji da jangali. Mutanen da ba su da gurbi a labarin yaƙi sun samu gurbi a rajistar haraji. Wannan ɗabi'a ba ta tafi da Bature ba. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Akwai lissafin kadada da na kuɗin kwangila, amma adadin waɗanda aka kashe har yau ana jayayya a kansa, na hukuma kaɗan, na mutanen gari ɗaruruwa.

Yau ma ana cikin wani yaƙin. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Da farko aka ce 317 ne, da aka sako su aka ce 279. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a farkon Satumba aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Makonnin da aka yi babu waya, abin da ya faru a ƙauyuka sai abin da sanarwar hukuma ta faɗa. Shaidar da mutane ke da ita, ta ƙauyen da ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya yi girbi, ko wanda aka tasa aka koma, tana yawo ne a saƙonnin murya na WhatsApp. Waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Takardar Waziri Buhari ta haura shekara 120. Saƙon muryar bara da wuya ya kai baɗi.

Don haka abu biyu nake fata. Na farko, sabon bugu na waɗannan wasiƙu: hoton asalin Larabci a shafi ɗaya, fassarar Hausa a ɗaya, tare da bayanin yadda aka kintaci kwanan kowace wasiƙa. Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da jami'o'inmu suna da malaman da za su iya. Na biyu, marubutan Mafara da Bakura da Maradun su fara naɗar shaidar mutanensu yanzu, da sunan ƙauye da kwanan wata, a sakaya sunan mai magana inda akwai haɗari, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A karanta Backwell, a gode masa da bai bar takardun ga gara ba. Amma labarin wannan yaƙin na yanzu, in ba mu tsara gurabensa da kanmu ba, wani zai tsara, kuma mun riga mun ga wanda ake bari a waje.