Masu Rera Waƙar Wani: Gado Ko Hadda?

A Amurka akwai makaɗan da ba su da waƙar kansu. Sana'arsu rera waƙoƙin Lynyrd Skynyrd, ƙungiyar kudancin ƙasar wadda jagoranta Ronnie Van Zant ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1977. 'Yan kallo na biyan kuɗi ne don su ji waƙa yadda take a faifai, kada a taɓa komai.

Mu ma muna da irinsu. Tun rasuwar Mamman Shata a 1999, daga Katsina har bukukuwan Hausawan Garwa, ba a rasa mai aron muryarsa. Sai dai ma'aunin can ba zai auna namu ba. Shata ba ya maimaita waƙa daidai da jiya. Bakandamiya kanta kowace ɗauka da irin baitocinta. Yakan dubi wanda ke gabansa ya ɗinka masa baiti nan take, masu kalangu su bi shi, 'yan amshi su cafe.

Mai kwaikwayo kuwa yakan haddace kaset guda, ya cire sunan wanda aka yi wa waƙar ya cusa na ango. Makaɗansa, waɗanda wasunsu gwanaye ne, sun koma masu gadin kaset, ba sa jiran wani sabon abu daga bakinsa.

Wanda ke son gadon Shata ya koyi ƙirƙira a tsakiyar fili. In hadda ce kawai, rediyo ya fi shi iyawa.